Wace Bindiga Ta Dace da Kuregen Amurka?

A jihohin gabashi da kudancin Amurka, irin su Kentaki da Tenesi da Misuri, farautar kurege ba wasan yara ba ce. Tana da lokacinta a doka, tana da lasisi, kuma an ƙayyade abin da mutum zai kashe a rana: goma a Misuri, shida a Kentaki. Akwai dattawan da suka harbi barewa har suka ƙoshi, amma da zarar watan Agusta ya kama sai ka gan su tun asuba a gindin itacen hikori, wuya a ɗage, suna sauraron ƙarar ɓawon da ke zubowa daga sama. Da wuya biyu daga cikinsu su zauna ba su yi gardama a kan wace bindiga da wane harsashi ya fi dacewa ba. Gardamar ta cancanci a bi ta a tsanake, domin kasuwa tana jan mai saye wani waje, dabbar da za a harba kuma wani abu dabam take nema.

Kuregen nasu ba irin namu ba ne. Namu ɗan ƙasa ne, rami yake haƙa, a gonar gyaɗa ake faɗa da shi, kare da sanda sun isa. Nasu a kan itace yake kwana, a can yake ci, a can yake ɓuya. Iri biyu aka fi farauta: mai ruwan toka, wanda nauyinsa yake kusan rabin kilo, da ja-ja mai ɗan girma, wanda kan kai kilo guda. Abincinsu 'ya'yan hikori da na itacen ok, namansu kuma abin marmari ne tun zamanin kakanni. Da shi aka fara yin miyar nan ta Brunswick a Bajiniya, yana kuma shiga farfesun nan da mutanen Kentaki ke kira burgoo.

Tarihin bindigar ya girmi harsashin zamani. Mutanen da suka zauna a dazuzzukan Kentaki a ƙarni na 18 da na 19 suna da doguwar bindiga da ake ɗura wa albarushi ta baki, kamar bindigar toka ta maharbanmu, sai dai tasu tana da zane mai murɗewa a cikin bututu, wanda ke sa dalma ta riƙa juyawa ta tafi sak. Ƙananan cikinsu, masu faɗin baki .32 ko .36 na inci, su ake kira bindigogin kurege. Mai zanen tsuntsayen nan Audubon ya rubuta cewa ya ga shahararren maharbi Daniel Boone yana harbin ɓawon reshe daidai ƙarƙashin cikin kurege, girgizar kaɗai ta kayar da shi matacce ba tare da an taɓa naman ba. Masana tarihi suna shakkar ko mutanen biyu sun taɓa fita farauta tare, amma labarin ya nuna abin da ake taƙama da shi a lokacin. A watan Satumba na 1862 ma, lokacin yaƙin basasar Amurka, da sojojin Kudu suka doshi birnin Sinsinati, Gwamnan Ohayo David Tod ya yi shela, mutane kusan 15,000 suka fito daga ƙauyuka da bindigoginsu na gida, kuma har yau Maharba Kurege ake kiransu. Abin da aka gada daga wancan zamani shi ne harbi ɗaya, a ka, nama bai lalace ba.

A nan batun yake. Wurin da ake so harsashi ya sauka, wato tsakanin ido da kunne, bai wuce girman goro ba. Tazarar kuma yawanci mita 15 zuwa 40 ce, sai in ganye ya zube a hunturu, kurege ya yi wayo, ta ɗan ƙaru zuwa 50 ko 60. Duk bindigar da ba za ta iya tara harsashi biyar a cikin da'irar inci guda a yadi 50 ba, to ba ta cika bindigar kurege ba, kome kyanta. Wadda ta iya, ta wadatar, ko da itacenta ya ƙoƙe.

Wasu sukan yanke wahala su ɗauki bindigar tsuntsaye mai watsa ƙananan ƙwayoyin dalma, .410 ko mai lamba 20. A farkon kaka, lokacin da ganye ya yi duhu kuma kurege yana tsalle daga reshe zuwa reshe, tana da amfani, kuma ƙwayoyinta ba sa nisa. Aibinta sai an zo ci, ana tsintar dalma da haƙori. Kamfanin Savage ya taɓa raba gardama da samfurinsa mai lamba 24, bututu biyu ɗaya bisa ɗaya, .22 a sama, .410 a ƙasa. Amma batunmu raifal ne.

Sarkin fagen shi ne .22 Long Rifle, wato .22 LR, wanda kamfanin Stevens ya fito da shi a 1887, jikan .22 Short na Smith & Wesson na 1857. Yana cikin dangin harsasan da sinadarin kunna wutarsu yake shimfiɗe a cikin leɓen gindin kwanso, ƙusar bindiga ta daki gefe ya tashi. Dalmarsa giram 2.6 ce. Yana da araha, ba ya dukan kafaɗa, kuma babu shagon ƙauyen da ba a samunsa, in ban da shekarun nan da suka fara daga 2013 lokacin da ya yi ƙaranci har mutane suka riƙa bin layi.

Masu neman karɓe masa sarauta sun zo ɗaya bayan ɗaya. Winchester ya kawo .22 Magnum a 1959, dalma mai nauyi iri ɗaya amma tana gudun kusan mita 570 a daƙiƙa. Hornady ya kawo .17 HMR a 2002, wanda ya matse bakin kwanson Magnum ya ɗora masa ɗan harsashi mai giram 1.1 da tsinin roba, yana fita da gudun kusan mita 775 a daƙiƙa. Bayan shekara biyu aka yi ƙanensa, .17 Mach 2, mai gudun mita 640.

Ba a raina .17 HMR. Tafiyarsa a miƙe take, daga yadi 25 zuwa 100 mutum ba ya buƙatar lissafin ɗaga baki ko sauke shi, kuma yawancin bindigoginsa suna da saiti mai ban mamaki. Wanda ke farauta a gefen gonaki a watan Janairu, inda kurege ke hango mutum tun daga nesa, zai ji daɗinsa. Sai dai an ƙera harsashin ne don ya tarwatse da ya shiga jiki. In ya sami kai, madalla. In hannu ya ɗan motsa ya sauka a kafaɗa, rabin abin da aka fito nema ya tafi. Ga ƙara mai tsaga daji, ga tsada ninki-ba-ninki a kan .22 na yau da kullum. Shi kuwa .22 Magnum ya fi dacewa da dila da makamantansa; a kan kurege ɓarna ce kawai. Wanda ya fi kusa da buƙata a cikin ukun shi ne .17 Mach 2, kuma masu shi ba sa rabuwa da shi, amma bai samu kasuwa ba, bindigoginsa kaɗan ne, harsashinsa kuma sai an yi cigiya.

Mai ganin .22 LR ya yi rauni, ya dubi Birtaniya. An kai kurege mai ruwan toka can daga Amurka a 1876 don ado, ya yaɗu ya kori jan kuregen ƙasar daga yawancin Ingila, yanzu ɓarna ake ɗaukarsa. Cikin abubuwan da suke kashe shi da su akwai bindigar iska, wadda doka ta ce in ƙarfinta ya wuce kusan jul 16 sai da takardar izini ta musamman. Da wannan ɗan ƙarfin suke kayar da shi a mita 25 ko 30, in an samu kai. Harsashin .22 LR mai matsakaicin gudu yana fita da kusan jul 140, wato ninki takwas da ɗoriya. Ashe ƙarfi ba shi ne abin da ya yi ƙaranci ba, tun farko ma ya yi yawa.

To a cikin .22 LR ɗin kansa akwai zaɓi, kuma nan ne aka fi yaudarar sabon shiga, domin kwalin da aka rubuta wa babbar lamba shi ya fi ɗaukar ido. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa. Harsashi mai matsakaicin gudu, kamar CCI Standard Velocity, yana fita da kusan mita 326, ƙasa da sauti. Mai sauri, kamar Mini-Mag, yana kai 375 zuwa 385. Stinger, da aka rage wa dalma zuwa giram 2 da ɗan kai, yana kai 500. A hankalce sai a ce mai sauri ya fi. A aikace ba haka ba ne.

Harsashin da ya fita da gudun da ya ɗara na sauti kaɗan ba ya daɗewa a haka. Kafin ya yi nisa iska ta rage masa gudu, ya faɗo ta daidai iyakar sauti, inda matsin iskar da ke kewaye da shi yake rikicewa, ya ɗan girgiza shi. Wanda ya fita a ƙasa da sauti bai san wannan wahala ba. Wani abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne iskar gefe ta fi ture mai saurin. Dalili kuwa, turewar iska ba ta bin tsawon lokacin tafiya kaɗai, tana bin yawan gudun da harsashi ya yi asara a hanya ne, kuma mai sauri shi ya fi asara domin iska ta fi tirje masa. Ba banza ba duk masu gasar harbi, har a wasannin Olimfik, da harsashi mai matsakaicin gudu suke shiga fili, na Eley daga Ingila, ko Lapua daga Finlan, ko RWS daga Jamus.

Sai batun ƙara. Harsashin da ya keta iyakar sauti yana yin tsawa ta biyu ban da ta bakin bindiga, kamar bulala. Kurege da ya ji ta sai ya manne da reshe, sauran na kusa su shige kogo, mutum ya yi ta jira. Da harsashi mai taushin murya kuwa, sau da yawa maharbi kan kayar da ɗaya, ya bar shi a ƙasa ya ci gaba da zama, bayan 'yan mintuna sauran su koma cin abincinsu. Mai haƙuri yakan cika rabin adadinsa a gindin itace guda. Abin da mai sauri ya fi shi da shi ɗaya ne, wato faɗuwa. In aka daidaita saiti a yadi 50, mai matsakaicin gudu zai faɗi kusan inci 7 a yadi 100, mai sauri kuma kusan 5 da rabi. To wa ke harbin kan kurege a yadi 100 da .22?

Kan harsashin ma iri biyu ne: dunƙulalle, da mai rami a tsini wanda ke buɗewa in ya shiga nama. Mai harbin kai zalla, dunƙulalle ya ishe shi. Amma gaskiya ita ce ba kullum kurege ke ba da kai ba, wani lokaci haƙarƙari kaɗai ake gani ta tsakanin ganye, kuma dabba ce mai taurin rai da taurin fata. Dunƙulallen harsashi kan ratsa ƙirji ya fice, kurege ya ja jiki ya faɗa kogo ya mutu a can, ba kai ba shi. Saboda haka ni a ganina mafi dacewa shi ne mai rami a tsini wanda gudunsa bai kai na sauti ba. CCI da Eley da Winchester duk suna yin irinsa. Ya haɗa saiti da shiru da saurin kisa, kuma ba ya dagargaza nama.

Duk da haka ba a sayen harsashin .22 da suna. Kowace bindiga da irin wanda take so, har guda biyu da suka fito daga layi ɗaya a masana'anta a rana ɗaya sukan saɓa. Sirrin yana cikin ƙananan abubuwa: yadda sinadarin kunna wuta ya bazu a leɓen kwanso, kaurin leɓen, irin kakin da aka shafa wa dalma, da yadda ɗakin harsashi ya rungume shi. Abin yi shi ne a sayi ƙananan kwalaye iri biyar ko shida, a zauna a teburi, a ɗora bindiga a kan buhun yashi, a kafa takarda a yadi 50 ranar da babu iska. Duk lokacin da aka sauya iri, a fara zubar da kamar goma a gefe, domin bututu ya saba da sabon kaki, sannan a yi harbi biyar-biyar sau da yawa. Ba rukunin da ya fi kyau ake dubawa ba, mafi muni ake dubawa, don shi ne zai fito ranar farauta. In an dace da iri, a duba lambar rukunin da aka buga a kwalin a sayi mai yawa daga cikinsa, saboda rukunin da zai biyo baya yana iya bambanta. A kuma lura da inda harbin farko yake sauka daga bututu mai sanyi. A daji kusan kowane harbi na farko ne. Mutumin da ya yi wannan da bindiga mai araha zai fi wanda ya kashe dukiya a kan bindigar Anschütz mai tsada ya cika ta da harsashin da bai gwada ba.

Game da bindigar kanta, gardamar ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. Mai sakata, wadda ake ja da hannu a fitar da kwanso a tura sabo, ita ta fi saiti in aka kwatanta kuɗi da kuɗi, kuma tana cin kowane irin harsashi. CZ 457 ta Jamhuriyar Cek, Tikka T1x ta Finlan, da Savage Mark II mai sauƙin kuɗi, duk suna yin aikin. Mai ɗura kanta, wato Ruger 10/22 da ta fito a 1964 da gidan harsashinta mai ɗaukar goma, ko Marlin 60 ta 1960, tana ba da harbi na biyu nan take, kuma miliyoyin yaran Amurka da su suka koyi harbi. Amma takan ƙi juyawa da harsashi mai rauni sosai, kuma tana koya wa mutum mugun hali, ya yi sakaci da na farko don ya san akwai tara a baya. Mai liba irin ta Henry ko tsohuwar Marlin 39A tana da daɗin riƙo, ga tarihi. Abin da ya fi nau'in muhimmanci shi ne kunama. Kunama mai tauri ko mai jan ƙafa tana karkatar da baki kafin harsashi ya fita, kuma inci guda ba ya yafe wannan. Haka nan nauyi: bindiga mai kaurin bututu tana da daɗi a teburi, amma wanda zai ɗaga ta sama yana jiran kurege ya leƙo zai gwammace wadda ba ta wuce kilo uku ba.

Madubin saiti kusan dole ne, ba don nisa ba, don duhun ganye da kuma tsinto kunne ɗaya da ya leƙo a bayan reshe. Mai ƙara girma sau 4 ya isa, mai sauyawa daga 2 zuwa 7 ko 3 zuwa 9 ya fi sassauci. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗauko madubin bindigar barewa a ɗora. Irin wannan an daidaita shi ne don yadi 100 ko fiye, saboda haka a yadi 25, in ido ya ɗan goce daga tsakiya, giciyen saitin sai ya goce daga kan abin hari. A nemi wanda aka yi don .22, ko mai zoben daidaita tazara. Akwai wasu tarkuna biyu. Madubi yana zaune kusan inci ɗaya da rabi sama da bututu, don haka kuregen da ke mita 8 ko 10 harsashi yana sauka ƙasa da inda aka auna, a sami haɓa maimakon ƙwaƙwalwa. In kuma harbin ya miƙe sama sosai, harsashi yakan sauka ɗan sama da yadda aka saba. Maganin duka biyun gwaji ne a takarda, a yadi 10, 25, 40 da 60, har mutum ya haddace halin bindigarsa.

Harbi sama shi ne babban haɗarin wannan farauta, kuma ya kamata ya shiga lissafi tun a shago. Kwalin .22 LR da kansa yana ɗauke da gargaɗin cewa harsashin yana da haɗari har mil guda ko fiye, wato sama da kilomita ɗaya da rabi. Wanda ya harbi kuregen da ke kan siririn reshe, sararin sama a bayansa, bai san inda dalmar za ta sauka ba, ko ya samu ko ya kuskure. Ƙa'idar ƙwararru ita ce a jira sai gangar itace tana bayan dabbar, ko a matsa gefe har ta kasance haka, ko a haƙura. Dalma mai taushi kuma tana zamewa daga dutse ko ruwa ta canja hanya. Inda gidaje suka yi kusa, bindigar tsuntsaye ko ta iska ta fi hankali, kome son mutum da raifal.

Wata matsala tana tafe, ita ce dalmar kanta. Jihar Kaliforniya ta hana farauta da harsashin dalma baki ɗaya tun 1 ga Yuli, 2019, musamman saboda ungulun nan nasu, kondo, da ke mutuwa in sun ci mushe mai gubar dalma. Harsashin .22 LR da ba na dalma ba akwai shi, amma mara nauyi ne, kuma bindigogi da yawa ba sa harba shi daidai, domin tsarin harsashin na 1887 ne, mai siririn dunduniya da ke shiga cikin kwanso, wanda da dalma mai taushi aka tsara shi. Dalilin da ya sa Winchester ya fito da .21 Sharp a 2024 ke nan, kwanson .22 LR ne aka ɗora masa harsashi ɗan siriri da za a iya yi da jan ƙarfe. Dabarar tana da ma'ana, amma wanda ya ga yadda .17 Mach 2 ya ƙare ba zai yi gaggawar sayar da tsohuwar bindigarsa ba. Muddin dokar jiharsa ba ta tilasta masa ba, .22 LR mai sakata da madubi mai kyau da harsashin da ita bindigar ta zaɓa da kanta ba su da na biyu.

Mai karatu a Najeriya da abin ya ba shi sha'awa ya san cewa nan ba can ba ne. Dokar Makamai ta 1959 ta sa raifal na farauta, har ma da bindigar iska, cikin makaman da ba a riƙe su sai da lasisin Sufeto Janar na 'Yan Sanda, bindigar toka kuwa tana ƙarƙashin Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Kafin a yi maganar gudun harsashi, a fara da takarda.